Jirgin hawa da gangara: wasan da aka haifa a kan ƙanƙara, har yau sanyi ke juya shi

Jirgin hawa da gangara na'urar wasa ce da ake samu a manyan filayen shaƙatawa: jerin ƙananan taragai marasa rufi, a kan layin dogo mai hawa sama, ya gangaro, ya karkace, wani lokaci ma ya kifar da mahaya kai ƙasa. Faransawa suna kiransa montagnes russes, wato tsaunukan Rasha. Su kuma Rashawa, abin dariya, tsaunukan Amurka suke ce masa.

A Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, da garuruwan Agye da Gazawa, babu irin wannan na'ura. Yawancin mutane a wayar salula suka gan ta. Abin da yaro ya sani shi ne zamiya a gangaren gulbi da lilon ƙarfe na ranar salla, manya kuma nishaɗinsu na lokacin ɗari shi ne kokowa bayan an kai amfanin gona rumbu. To amma ƙarshen Disamba lokaci ne na hutun ƴan lakwal, kuma iyalan da ke da hali sukan kai yara Maraɗi, Yamai ko Kano, wasu har Abuja, inda filin Magic Land yake, wanda aka fara sani da Wonderland. Masu zuwa Umra ma sukan tarar da irin waɗannan filaye a Jidda da Riyad. Mutum yakan biya kuɗi ya ɗora ɗansa a kan abin da bai san yadda yake aiki ba.

Daga ƙanƙara zuwa ƙarfe

Asalin wasan na hunturu ne. Tun ƙarni na 17 Rashawa suke kafa dogayen tudu na katako a lokacin bukukuwan sanyi, wasu tsayinsu ya kai mita 20. Sai a yi ta kwarara ruwa a kan gangaren har ya daskare, mutane su hau ta matakala, su zauna a kan katako ko guntun ƙanƙara da aka shimfiɗa wa ciyawa, su sulalo. A ƙarshen hanya akan zuba rairayi don ya tsayar da su. Sarauniya Katrin ta Biyu ta so wasan har aka gina mata irinsa a fadar Oranienbaum, mai taragai masu ƙafafu, don kada ta jira sanyi.

Birnin Paris ba shi da ƙanƙarar da za ta daɗe haka, shi ya sa da wasan ya isa can aka koma ga ƙafafu. A 1817 aka buɗe Promenades aériennes, inda ƙafafun taragan ke maƙale da layi.

A Amurka kuwa daga aikin kwal abin ya fito. A 1827 aka shimfiɗa layin Mauch Chunk a jihar Pennsylvania, mai tsawon kusan kilomita 14, don gangaro da kwal daga tsauni ba tare da inji ba. Alfadarai ne ke jawo taragan sama, in za a gangaro kuma a ɗora su ciki su ma su huta. Da mutane suka ga haka sai suka fara biya a gangaro da su. Wani mai suna LaMarcus Thompson ya ga akwai kasuwa, ya buɗe nasa a Coney Island ta New York a watan Yunin 1884, kuɗin hawa santi 5, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba. Mai keke ma zai wuce shi. Layin bututun ƙarfe, wanda ya ba da damar lanƙwasa hanya yadda ake so, sai a 1959 ya bayyana a Disneyland.

Jirgi ba inji

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, yawancin waɗannan jirage ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan jirgin zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan ta sake shi, sauran tafiyar duk nauyinsa ne ke yi, kamar mai keke da ya sha wahalar hawa tudu sannan ya ɗauke ƙafa daga feda. Jirgin da ya faɗo daga mita 30 yakan isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 87 a awa. Da wannan gudun yake hawa tudu na biyu, kuma saboda iska da gugar ƙafafu suna cin ƙarfinsa a hankali, dole kowane tudu na gaba ya gaza na farko tsayi. Ƙarar kaf-kaf-kaf da ake ji lokacin hawan farko ba alamar lalacewa ba ce. Wani harshen ƙarfe ne ke bin haƙoran layi, don ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma baya ba.

Me ya sa mutum ba ya faɗowa idan jirgin ya kife a cikin zobe? Duk yarinyar da ta taɓa wulwula guga cike da ruwa a saman kanta ta san amsa: muddin akwai sauri, ruwan yana manne da gindin guga. Haka dutse yake zama cikin majajjawar mai korar tsuntsu. Zobban farko da'ira ce cikakkiya, kuma ta yi wa mahaya illa, domin jirgin Flip Flap na 1895 ya yi suna wajen gurɗe wa mutane wuya. Injiniyan Jamus Werner Stengel ne ya daidaita siffar da ake amfani da ita yanzu, mai kama da ɗigon ruwa a kife, wadda aka fara gani a jirgin Revolution na California a 1976. Duk da haka, a gindin gangare mutum yakan ji nauyinsa ya ninka sau uku ko huɗu na ɗan daƙiƙoƙi, a kan tudu kuma ya ji kamar cikinsa ya rage a sama.

Ƙafafun jirgin iri uku ne: na sama da ke ɗauke da nauyi, na gefe da ke riƙe shi a kwana, da na ƙarƙashi da ke rungume layin. Na ƙarƙashin, John Miller ne ya yi rajistarsu a 1919, kuma su ne suka sa jirgi ba ya tashi daga layi. An kuma raba hanya kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin jirage biyu su shiga kashi ɗaya. Ga mai tambayar abin da zai faru in aka ɗauke wuta, tambayar da ba za ta rasa zuwa a ran ɗan Nijar ba: birkin an ƙera shi ne ta yadda wuta ko iska ke buɗe shi, in suka yanke sai ya damƙe da kansa. Akwai kuma birkin maganaɗisu da ba ya bukatar wuta sam.

Abin da sanyi ke yi masa

A Turai da arewacin Amurka filaye da yawa sukan rufe a hunturu, su sake buɗewa na ƴan makonni don Kirsimeti da sabuwar shekara, da fitilu da kasuwanni. A Landan, bikin Winter Wonderland na Hyde Park yana ci daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, kuma a 2016 aka fara kai masa Olympia Looping daga Jamus, jirgi mai zobba biyar da layi mai tsawon mita 1,250, wanda ake kwancewa a loda a manyan motoci a sake haɗawa a wani gari.

Sai dai ba kowane jirgi ke aiki a irin wannan lokaci ba. Sanyi yana daskarar da giris, yana taurara robar ƙafafu, jirgin ya yi nauyin tafiya. Tunda ba shi da injin da zai ƙara masa ƙarfi a tsakiyar hanya, yana iya kasa ƙarasa wani tudu, ya dawo baya, ya yi ta kai da komo har ya tsaya a kwari. Saboda haka filaye da dama suke dakatar da manyan jiragensu idan sanyi ya kai wajen digiri 5, kuma da safe sai an yi ta zagayawa da jirgin babu kowa, ko da jarkokin ruwa masu siffar mutum, har ƙafafun su yi ɗumi.

Iska ma haka take yi, kuma a nan ne aka ga mummunan misali. Ranar 2 ga Yunin 2015, a filin Alton Towers na Ingila, wani taragon gwaji na jirgin Smiler da ba kowa ciki ya maƙale a tsakiyar layi saboda iska. Kwamfuta ta yi aikinta, ta tsayar da na bayansa. Ma'aikata suka ɗauka kuskure take yi, suka sake shi da hannu, ya je ya daki wanda ya maƙale ɗauke da mutum 16. Ƴan mata biyu sun rasa ƙafa ɗaya-ɗaya, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. Ƙarfen bai karye ba, mutane ne suka ƙi jin na'urar da ta gaya musu gaskiya.

A ƙasashen zafi lissafin ya juya. Lokacin sanyi ne kasuwar ke ci, domin shi ne lokacin da kujerar ƙarfe ba ta ƙuna. Saudiyya ta fara bikin Riyadh Season a 2019, da nata Winter Wonderland. A Abu Dhabi akwai Formula Rossa, da aka buɗe a 2010, wanda ba sarƙa ke jansa ba, harba shi ake yi ya kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyar, kuma sai mahayi ya sa tabarau saboda ƙwayar rairayi a wannan gudu tana iya raunata ido. Wannan ya fi kusa da halin ƙasar Hausa. Sanyin Maraɗi na Janairu, da kan sauka wajen digiri 13 da asuba, bai isa ya daskarar da giris ba. Ƙurar hunturu ce matsalar: tana shiga giris ta mai da shi kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye boris da mahaɗan ƙarfe a hankali, ko a babban jirgi ko a lilon da mai walda ya haɗa.

Wa ya kamata ya hau

Dokar tsayi da ake liƙawa a ƙofa, galibi daga mita 1.20 zuwa 1.40 ga manyan jirage, ba ta shafi shekaru ko jarumtar yaro ba. Sandar da ke danne cinya ko kafaɗa an auna ta ne da girman jiki, ƙaramin yaro yana iya zamewa ta ƙarƙashinta, kuma hannun uba ba ya iya riƙe yaron da nauyinsa ya ninka sau uku. Roƙon mai tsaron ƙofa ya ɗaga ƙafa ba gata ba ne ga yaron. Ana hana mai ciki, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Hawan jinin ya fi wuya, don da yawa suna da shi ba su taɓa gwadawa ba.

Tufafi ma abin lura ne. Dogon mayafi, jelar rawani da hannun babbar riga suna iya naɗewa a ƙafa ko sarƙa. A ƙarshen Agustan 2011, ranar ƙaramar salla, rikici ya tashi a filin Playland da ke jihar New York bayan an hana mata masu lulluɓi hawa wasu na'urori, har aka kama mutum 15. Filaye da yawa suna barin a hau da hijabi idan an ɗaure shi tamau an cusa bakinsa cikin riga, amma kowane fili da ƙa'idarsa, gara a tambaya kafin a sayi tikiti.

Haɗari a manyan jirage ba shi da yawa in aka kwatanta da miliyoyin da ke hawa kowace shekara, amma sabon fenti ba shaida ba ne. A ƙarshen Yulin 2025 wani babban lilo mai juyawa ya karye gida biyu a wani filin wasa na Ɗa'ifa, a Saudiyya, mutum fiye da 20 suka ji rauni. A ƙananan filaye da lilon salla, inda ba kwamfuta ba injiniya, idon uba ko uwa ne ke maye gurbinsu. Ana iya tsayawa a kalli zagaye biyu ko uku kafin a biya: ko mai kula yana bi yana jijjiga sandar kowane mahayi, ko yana cusa yara fiye da kujeru, ko akwai tsatsa da tsaga a wurin walda, ko ƙafar na'urar a kan kankare take ko kuwa a kan bulo da guntun katako aka tokare ta.