Yadda aka koya wa hannu sarrafa na'ura

Wanda ya ga yaro yana shafa fuskar waya sai ya ɗauka da wannan sani aka haife shi. Alhali kowane motsi da yatsa ke yi a kan na'ura, sai da wani ya ƙirƙiro shi, aka raɗa masa suna, sannan aka koyar da shi.

A ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Faransisko na Amurka, Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana wani ɗan akwati mai jela ta waya, wanda in an motsa shi a kan tebur sai wata alama ta motsa a allon kwamfuta. Turanci da Faransanci duk sun kira shi da sunan ɓera, wato kusu. Hausa kuwa wajen doki ta aro masa suna, aka ce linzamin kwamfuta.

Da abin ya shiga kasuwa, sai aka tarar hannun jama'a bai san shi ba. Shi ya sa a 1984 kamfanin Apple ya haɗa kwamfutarsa Macintosh da kaset na murya, mai koyar da yadda ake nuni da dannawa. A 1990 kuma Microsoft ya sanya wasan kartar Solitaire cikin Windows 3.0. Mai wasa yana ɗauke kati daga wannan jeri zuwa wancan, bai ankara ba ya koyi dannewa da ja da saki.

Allon da ke jin taɓawa ma ba sabon abu ba ne, domin E. A. Johnson ya bayyana shi tun 1965 a Ingila. Amma sai a 2007, da fitowar iPhone, yatsa ya karɓi aikin linzami a hannun jama'a. Ko a lokacin, sai da aka rubuta umarni a fuskar wayar cewa a ja yatsa kafin ta buɗe.

Hausawa da yawa ta waya suka fara sanin wannan fasaha, kuma harshen bai rasa kalmomi ba, don tsofaffin aikatau na hannu sun wadatar: taɓa, latsa, shafa, ja. Ɗalibi ya lura da abin da wasalin ƙarshe ke yi. "Danna" taɓawa ce a ɗaga yatsa, "danne" kuwa a ɗora yatsa a bar shi. Haka "ja" da "jawo" da "janye" suke nuna inda abin ya nufa.

Wannan bambanci yana da nauyi ga mai koya wa dattijo tura saƙon murya a WhatsApp. In ya ce masa "Baba, danna nan" a inda ya kamata ya ce "danne", dattijon zai yi ta magana, wayar ba ta ɗauki komai ba, ya kuma ɗauka laifinsa ne.