KWALABEN DA SUKA YI ZAMANI: DAGA KAKURI ZUWA GARKI

Na san wasu daga cikin 'yan ƙungiyarmu za su ɓata rai da zarar sun ga inda wannan rubutu ya dosa. Za su ce, me ya haɗa mujallar Hausawa mazauna Abuja da zancen giya? To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Babu mai jayayya a kan hukuncinta a addini, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Tarihi muke yi, tarihi kuwa ba ya zaɓen abin da zai yi wa mai shi daɗi. Akwai dattawa a cikinmu, a Garki da Karu da Nyanya da Zuba, waɗanda ba su taɓa kai kwalba baki ba, amma sun yi direban babbar mota a kamfaninta, ko sun yi kuku a gidan Bature, ko sun sayar mata da dawa buhu-buhu. In hira ta yi hira sai ka ji suna lissafa sunayen kwalaben da a da sai wane da wane, yau kuwa yaro ko sunansu bai sani ba.

Mai karatu zai fi gane zancen in muka fara daga doka. A cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Barasal na ƙasar Beljiyam, cewa ba za a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Lugga ya kama mulkin Arewa sai ya sa ƙasar cikin inda aka hana. Jin ɗin da ke shigowa Ikko da Kalaba har ana biyan sadaki da shi, ba shi da izinin haurowa Arewa don 'yan ƙasa. Bature dai yana da nasa a kulob, akawun da ya zo daga Kudu ko Saliyo kuwa yana neman lasin a Sabon Gari. Daga nan ne aka sami kalmar nan "ɗan bariki", wato wanda ya bar ganuwa ya koma zama inda dokar gida ba ta kai. Ko da aka zo 1960 aka kafa dokar Final Kot ta Jihar Arewa, sai da aka sa sashe na 403 wanda ya hana Musulmi shan barasa in ba don magani ba.

Ban da wannan akwai ta gargajiya, wato burkutu da fito, waɗanda Maguzawa da Gwari da sauran ƙabilu suke dafawa tun kafin zuwan Bature. A nan ƙasar da muke zaune, tun ba a yi mafarkin Birnin Tarayya ba, matan Gwari suna dafa burkutu da tsiron dawa a manyan tukwane. Amma ɗan boko bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Shi abin da yake so a gan shi da shi, kwalba ce mai takarda a jiki, mai sanyin firji.

Kamfanin Nigerian Brewery an kafa shi a Ikko cikin 1946, da haɗin gwiwar kamfanin UAC da Heineken na ƙasar Holan. A watan Yuni na 1949 kwalbar Star ta farko ta fito daga Iganmu. Suka buɗe reshe a Aba a 1957, sa'an nan a 1963 suka iso Kaduna, suka kafa masana'anta a Kakuri, unguwar da masaƙar Kaduna ta riga ta zauna tun 1957. A lura, zamanin Firimiya Sardauna ne wannan. Gwamnatin da ta rubuta sashe na 403 ita ce kuma take neman masana'antu ido rufe don kada Kudu ta bar ta a baya. Ni dai a ganina babu abin da ya nuna halin da shugabannin wancan lokaci suka sami kansu kamar wannan: doka a hannun dama, haraji da aikin yi a hannun hagu.

Su kuwa mutanen Guinness, a farkon shekarun 1960 suka gina tasu a Ikeja, kuma ita ce ta farko da suka taɓa ginawa a wajen Ailan da Ingila. Baƙar giyarsu ta yi suna da cewa wai magani ce, tana ƙara jini, tana ƙara ƙarfi. Wannan talla ta ci mutane da yawa, har da waɗanda suka fake da "magani" ɗin nan na cikin doka.

To, amma fa ko a cikin mashaya akwai hawa-hawa. Star ta kowa ce, ta akawu da malamin makaranta da saja. Da Gulder ta fito a 1970, cikin kwalba ruwan ƙasa da hoton hular ƙarfe ta mayaƙa, sai ta zama ta wanda ya ɗan taka wani matsayi. Harp ta biyo baya a 1974 daga masana'antar Guinness ta Binin. Sama da su duka kuwa akwai 'yan jirgi, wato irin su Heineken da Beck's da Carlsberg, waɗanda sai a kantin Kingsway ko Leventis, ko a teburin babban sakatare. Da kuɗin Udoji suka shigo aljihun ma'aikata a 1975, kai, sai abin ya zama gasa. Masinja ma yana so a ga katan a ƙarƙashin gadonsa ranar Kirsimeti, ko da ba shi zai sha ba, don baƙi.

Gwamnatin Janar Obasanjo ta toshe wannan ƙofa a 1978 da ta hana shigo da giya daga waje. Maimakon abin ya ragu sai ya yaɗu, don kusan kowace jiha ta ce sai ta yi tata. Kafin tsakiyar shekarun 1980 masana'antun giya a Nijeriya sun haura 30. A Jos akwai Jos International Breweries mai yin Rock, wadda mutanen Filato ke alfahari da ita, suna cewa ruwan duwatsunsu ne sirrinta. A Makurɗi akwai More. A Kudenda ta Kaduna kamfanin IBBI yana yin Kronenbourg da izinin Faransawa, kuma ita ce ta zama ta 'yan gayu a Arewa na ɗan lokaci. Wanda zai fi ba yaran yanzu mamaki shi ne, a cikin Kano kanta akwai North Brewery, mai yin Double Crown. Ƙwarai kuwa, a Kano.

Daidai wannan lokaci ne aka haifi garin nan namu. Janar Murtala ya sa hannu a Doka ta 6 ranar 3 ga Fabrairu 1976, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, aka shiga sarar daji. Waɗanda suka zo da fari sun san yadda wurin yake: ƙura, tirela, da sansanin leburori a Nyanya. Ma'aikacin da aka taso daga Ikko ya bar iyali can, in an tashi aiki ba shi da wurin zuwa sai rumfar mai sayar da abin sha. Turawan Julius Berger suna da kulob ɗinsu a sansaninsu. Manya kuwa, da aka buɗe otal ɗin Nicon Noga Hilton a 1987, can suka koma, inda kuɗin kwalba ɗaya zai ciyar da lebura yini guda. Soja yana da Mami a bariki. Af, ita wannan Mami da ake jingina wa giya, asalinta ba giya ba ne. Sunan wata mata ne, Mammy Ochefu, matar wani soja, wadda ta fara sayar wa sojoji wani abin sha irin kunu a barikin Inugu wajen 1959.

Mu Hausawa ina muke a cikin wannan? Muna bakin ƙofa. Mai tsire da mai balangu da mai kilishi, kowa ya san inda kasuwarsa take ci da dare. Mai sigari da goro yana gefe da tebur da fitilar aci-bal-bal. Wannan cinikin ya gina gidaje a Ƙauran Namoda da Ɗambatta da Maraɗi, ya kai mutane Makka, kuma har gobe malamai ba su gama muhawara a kansa ba.

Inda zancen ya fi shafar talakan Arewa shi ne 1988. Gwamnatin Janar Babangida, cikin shirinta na SAP, ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi ake yin giyar kwalba. Kamfanoni suka rasa ta yi, sai suka juyo kan dawa da masara. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana da wani irin dawa, gajeriyar ƙaura, mai lamba SK 5912, aka ga ta dace da yin tsiro. Nan da nan dillalai suka bazama kasuwar Dawanau da Funtuwa da Giwa da Saminaka. Manomin da ba ya ko bi ta ƙofar gidan giya, sai ga dawarsa ta tafi can, shi dai ya ga farashi ya tashi. Magidanci a birni kuma ya ga tuwo ya ƙara tsada. Abin dariyar shi ne, ɗan bokon da ke raina burkutun matar Gwari don an yi shi da dawa, ya wayi gari abin da ke cikin kwalbarsa mai tsada ma dawa ce. Tsofaffin mashaya har yau suna cewa daga shekarar nan ɗanɗano ya canza, bai kuma komawa ba, ko da aka janye hanin daga baya. Kowa ya tuna bara, ai bai ji daɗin bana ba.

SAP ɗin ce kuma ta karya ƙananan masana'antun. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara, jihohi suka kasa riƙe abin da suka kafa. Double Crown ta ɓace. Ta Jos ta yi ta tangal-tangal har injinanta suka tsaya, gwamnatocin Filato suna ta alkawarin tayar da ita. Manya suka haɗiye saura: a 2011 Nigerian Breweries ta saye ta Kudenda, ta Makurɗi ma ta faɗa hannunta a 2014.

Akwai kwalba ɗaya daga gidan nan da ta shiga ɗakin kowa, ita ce Maltina, wadda ta fito a 1976. Malta Guinness ta zo a 1990, Amstel Malta a 1994. A da, in aka kawo wa baƙo Maltina da madarar Peak a faranti, to an girmama shi ƙwarai. Ita ake kai wa maijego da marar lafiya a asibiti, ita ake jerawa a gaban manyan baƙi ranar ɗaurin aure, sauran jama'a a ba su Fanta. An daɗe ana tambayar malamai a rediyo ko ta halatta, tun da gidan da ya yi waccan shi ya yi wannan. Green Sands Shandy ce ta fi rikita mutane, don da yawa sun sha ta a matsayin lemo, alhali akwai ɗan burbushin barasa a ciki.

Bayan da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, jihohi suka bi sahu, masu gidajen giya da yawa suka kwashe kayansu suka nufo inda babu hani. Abuja da Mararraba sun karɓi rabonsu. Filayen da aka ware don shan iska a Wuse da Garki da yawansu sun koma mashaya, abin da muke kira gadin. A Kano kuwa, a watan Nuwamba na 2013 Hisba ta sa an murƙushe kwalabe wajen 240,000 a rana ɗaya. Ga kuma rigimar harajin VAT da ta taso a 2021, inda wasu gwamnonin Kudu ke cewa ba daidai ba ne jihar da ke fasa kwalba ta ci kuɗin kwalba. Maganar nan tana da ɗaci, amma ya kamata 'yan ƙungiya su san ta, don abokan zamanmu a ofis da kasuwa suna jefo mana ita.

A 2024 kamfanin Diageo na Ingila ya sayar da kasonsa na Guinness Nigeria ga Tolaram, masu taliyar Indomie. A shekarar ce kuma Nigerian Breweries, bayan asarar da ta haura Naira biliyan 100 a 2023, ta ba da sanarwar dakatar da aiki a masana'antunta biyu, ɗaya daga ciki ita ce ta Kakuri, mai shekara 61 a lokacin. Masaƙun da ke maƙwabtaka da ita sun riga ta yin shiru da daɗewa.

Kwalbar kanta dai tana nan. Duk wanda ya shiga kasuwar Wuse ko ta Dei-Dei ya ce a ba shi man gyaɗa ko manja ko zuma "kwalba ɗaya", ma'aunin da ake nufi tsohuwar kwalbar nan ce mai santilita 60. Iyayenmu mata sun wanke ta da toka da ruwan zafi, sun toshe bakinta da totuwar masara, sun auna kananzir da ita shekara da shekaru. Yaran Nyanya na wancan lokaci kuma da marafanta suka yi tayoyin motar langa-langa.