Su Wane ne Sikitiyawa?

A Kolosiyawa 3:11 Manzo Bulus ya jera mutanen da Almasihu ya kawar da bambanci a tsakaninsu. A cikin Helenancin da ya yi rubutu da shi, ya kira sunan wata kabila guda, wato Sikitiyawa. Yau za mu duba tarihinsu.

Sikitiyawa makiyaya ne, mahaya dawaki. Sun mamaye filayen ciyawa na arewacin Bahar Aswad, inda Yukren da kudancin Rasha suke a yau, daga wajen shekara ta 700 zuwa ta 300 kafin haihuwar Almasihu. Hirodotus, marubucin tarihi na Helenawa, ya ce ba su da birane, gidajensu a kan amalanke suke. Wanda ya saba ganin Fulani suna shigowa kasuwar shanu ta Potiskum zai gane irin wannan zama. Sai dai su dukiyarsu doki ne. Suna shan nonon goɗiya, suna harbi da baka doki na sukuwa, alhali ko likkafa ba su da ita.

Wajen shekara ta 513, Dariyus sarkin Farisa, wanda Ezra sura 6 ta ce ya ba da umarni a ci gaba da ginin Haikali, ya kai musu yaƙi. Ba su tsaya masa ba. Suka yi ta ja da baya, suna binne rijiyoyi, suna ƙone ciyawa, har ya gaji ya koma gida.

Helenawa sun ɗauke su bagidaje, masu zub da jini, su kuwa ba su bar littafi ko ɗaya da zai kāre su ba. Amma kaburburansu sun yi magana. A 1949, a Fazirik cikin duwatsun Altai, an tono kabarin danginsu wanda ƙanƙara ta adana, aka sami dawaki da kayan hawansu, da wata darduma da ta haura shekara 2,000. A 1971 kuma, a Yukren, aka sami abin wuya na zinariya mai nauyin fiye da kilo 1. A jikinsa an siffanta maza biyu suna ɗinka rigar fata, wani kuma yana tatsar tunkiya.

To, jama'a, waɗannan mutanen da aka rena ne Bulus ya sa a jeri ɗaya da Bayahude da Baheleni. Kai mai jin Karekare, ko Ngizim, ko Ngamo, ko Bolanci, kada wani ya sa ka ji kunyar harshen iyayenka don ba shi da tulin littattafai. Ka koya wa 'ya'yanka shi, ka yi addu'a da shi. Kai ma kada ka rena makiyayin da yake wucewa ta bakin gonarka, gama shi ma Almasihu ya mutu dominsa.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.