Zoɓorodo: sinadarin da ke cikinsa da abin da ke lalata shi

Zoɓorodo shi ne jan kwanson da ke lulluɓe da 'ya'yan yakuwa, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi a Najeriya. Launinsa ya samo asali ne daga wani sinadari mai suna antosiyanin, tsaminsa kuwa daga nau'o'in asid, ciki har da irin na lemon tsami. Gwaje-gwajen likitoci sun nuna cewa shan ruwansa a kai a kai na ɗan rage hawan jini, ko da yake ba ya maye gurbin maganin asibiti.

Sai dai antosiyanin ba shi da juriya. Doguwar tafasa, hasken rana da zafi irin na bazara, wanda kan haura digiri 40 a Dutse, duk suna rusa shi, jan ya koma ƙasa-ƙasa. Tsamin ne ke kare shi, don haka kanwar da wasu ke jefawa domin kashe tsamin tana gaggauta lalacewarsa, ruwan ya yi duhu. Busasshen zoɓorodo kan yi watanni a buhu, in dai yana inuwa nesa da danshi. Wanda aka jiƙa kuwa, musamman mai sukari, in babu firji kwana ɗaya zuwa biyu yake yi ya fara ɓaci.