Tarihin Asibitin Yara na Noma a Sakkwato da Darasin da Ke Cikinsa

Bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani aikin jinƙai da aka kafa a birnin Sakkwato, wanda amfaninsa ya kai har ƙauyukanmu na bakin iyaka.

Kalmar noma a nan ba noman gona ba ce. Suna ne na wata cuta da likitoci suka aro daga Girkanci. A ƙasarmu wasu na kiran ta ciwon iska, wasu ciwon daji. Tana kama yara, akasari masu shekara 2 zuwa 6, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci, ta ci leɓe, wani lokaci har hanci. Idan ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 sukan rasu. Wanda ya rayu kuwa yakan tashi da rami a fuska, ko muƙamuƙi ya ƙage ya kasa buɗe baki. Dattawanmu sun san irin waɗannan yara da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, ba makaranta, ba kasuwa, in sun girma kuma aure ya yi wuya.

Cutar talauci ce. Turai ma ta yi fama da ita, sai da abinci da tsabta suka wadata ta ɓace, sannan ta sake ɓulla a sansanonin gwale-gwale na Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yunwa ta yi katutu. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara.

A 1996 likitocin tiyata daga Turai suka fara zuwa Sakkwato suna gyara fuskokin yara kyauta, da tallafin wata gidauniyar taimakon yara ta Jamus mai suna AWD. Da aka ga yawan masu zuwa, sai aka gane cewa ziyarar 'yan makonni ba ta isa ba. Aka gina asibiti na musamman, aka buɗe shi a 1999. Masu agaji daga Holan da Ingila su ma suka sa hannu. A 2014 ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta shigo tana aiki tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha.

Aikin yana da wuya. Yaron da aka kawo a rame sai an fara ciyar da shi ya yi ƙarfi kafin a taɓa shi da wuƙa. Sannan a ɗebo fata da tsoka daga wani sashe na jikinsa a cike ramin, sau da yawa tiyata biyu ko uku a watanni daban-daban. Bayan nan a koya masa motsa muƙamuƙi, da taunawa, da magana. Ana kuma lallashin zuciyarsa, domin wanda ya daɗe yana rufe fuska da mayafi ba ya sakewa da mutane dare ɗaya. Duk wannan ba a karɓar ko kwabo.

Misalin da duniya ta sani shi ne Mulikat Okanlawon, wadda cutar ta kama tana ƙarama. An yi mata aiki a Sakkwato, ta yi karatu, ta dawo tana aiki a asibitin, ta kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Elysium ta mutanen da suka tsira daga noma. Muryoyin irinsu sun taimaka wa Nijeriya lokacin da ta jagoranci ƙasashe wajen neman a kula da cutar, har a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Darasin da muka ɗauka shi ne, sadakar da ta yi tasiri ita ce wadda aka tsara, aka yi mata gida, aka dawwama a kanta. Mu ba baƙin taimako ba ne. Da gayya da zakkar hatsi aka rene mu. Amma buhun gero da ake rabawa a azumi yakan ƙare kafin babbar salla, asibitin nan kuwa ya haura shekara 25 yana aiki.

Akwai kuma gurbin da baƙi ba za su cike mana ba. Idan aka gano cutar tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. Jinkiri ne ke kashe yara: uwa ba ta san alamar ba, an tsaya jiƙe-jiƙe, ko uba ba shi da kuɗin mota daga Illela zuwa Sakkwato. Waɗannan duk suna cikin ikonmu. Ƙungiyarmu na iya ware asusu na dindindin don kuɗin mota da guzurin mai jinya. Tana iya roƙon limamai, da ungozomomi, da malaman firamare su riƙa faɗakarwa a kan alamomin cutar da rigakafin ƙyanda. Saƙon ya kuma tsallaka zuwa 'yan uwanmu na ɓangaren Birnin Ƙonni, tunda jini ɗaya muke, kasuwa ɗaya muke ci.

Mutanen da ba su san sunan garinmu ba sun tara kuɗi a ƙasashensu don 'ya'yanmu. In ana wanke maka baya, kai ma sai ka wanke cikinka. Muna kira ga kowane ɗan Tozai da ke Sakkwato, ko Kano, ko Abuja, ko Ikko, ya zo taron bana da alkawarin abin da zai iya bayarwa duk wata, kome ƙanƙantarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu taimako da alheri, Ya raya mana zuri'a, amin.