Tsofaffin kaburbura na tarin duwatsu: mu san su, mu kiyaye su

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin duwatsu a tare wuri guda, a kan tudu ko a bakin fadama, ba ka san wanda ya tara su ba. Sau da yawa irin wannan tsibi kabari ne na mutanen dauri, waɗanda suka rayu tun ba a fara rubuta tarihin ƙasarmu ba. Sukan kwantar da mamaci, wani lokaci da tukwane ko kayan ado, sa'an nan su jibga duwatsu a kansa.

Irin waɗannan kaburbura suna da yawa a Ayar da Azawak. Wasu sun kai shekaru dubbai. Kwarin Azawak kuwa shi ne ya gangaro kudu ya zama Dallol Boso, inda Filinge da Damana suke.

Darasi daga Bura

A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, wajen Tera, cikin jiharmu ta Tilaberi. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya binciki wurin, ya samu ɗaruruwan tuluna da siffofin yumɓu. Bayan labarin ya bazu, sai masu neman kuɗi suka yi ta tone wurare suna sayar wa dillalai. Kaya masu yawa suka fice zuwa Turai. Ribar ta tafi wurin dillalai, ƙauyuka suka tashi da ramuka.

Ka sani, darajar tukunya tana ga wurin da take kwance. Daga zurfin ramin da abin da ke kewaye da ita masana ke gane shekarunta. In an tone ta da garaje, labarinta ya ɓace har abada.

Abin da ya kamata ka yi

Dokar Nijar ta 30 ga Yuni 1997 ta hana tonon irin waɗannan wurare ba da izini ba. Saboda haka:

1. Kada ka kwashi duwatsun don gini.
2. In garma ta fito da ƙashi ko tsohuwar tukunya, ka tsaya, ka mayar da ƙasa.
3. Ka shaida wa maigari, shi kuma ya sanar da magajin gari.
4. Kada ka nuna wa baƙon dillali wurin.

Wanda ke kwance a nan mutum ne kamarka. Ka ba shi mutuncin da kake so a ba kabarin kakanka.