Hannun da ya taɓa kuturu

Kai mai karatu, ka san yadda ake yi wa kuturu a ƙauyukanmu. Ana ba shi sadaka, amma daga nesa. Ƙwaryarsa daban, tabarmarsa daban. In ya nemi aure, a hana shi. In ɗiyarsa ake nema, sai dangin yaro su ce a dakata a binciki asali. Wannan gudu ba a Gidan Sori aka fara shi ba, ba kuma a Gobir ba. Tsohon abu ne ƙwarai. Yau zan ba ka labarin waɗansu mutane da suka ƙi gudu.

Mu fara da ƙasar Yahudawa, shekara wajen 2000 da suka wuce. Dokar Attaura ta ce wanda aka ga kuturta a jikinsa, a kai shi gaban limami ya duba. In ta tabbata, sai ya yage rigarsa, ya koma bayan gari da zama. In ya hango mutane tafe, shi da bakinsa zai yi kira su kauce. Wanda ya taɓa shi, shi ma ya ƙazantu. Masana sun ce ba duka ne kutare na gaske ba. A lokacin, cututtukan fata iri iri suna ɗaya ake kiransu. Ke nan an kori mutane da yawa a kan abin da bai fi kyasfi ba.

A wannan ƙasa aka haifi Annabi Isa, wanda Kirista ke kira Yesu. Linjila ta ba da labarin wani kuturu da ya durƙusa gabansa yana roƙo. Bai yi masa magana daga nesa ba. Hannu ya miƙa ya taɓa shi, mutumin ya warke. Alƙur'ani ma, cikin suratu Ali Imrana da suratul Ma'ida, ya ambaci yadda yake warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. Warkarwa ikon Allah ce, ba kowa aka ba ba. Amma miƙa hannu, kowa na iyawa. Shi ne mabiyansa na farko suka riƙe.

Su kansu ba wasu manya ba ne. Akwai masunta cikinsu, da bayi, da gwauraye mata. Kusan shekara 300 sarakunan Rum suna tsangwamarsu lokaci lokaci. Wajen shekara ta 250 wata annoba ta faɗa wa birnin Kartaj, inda Tunisiya take yau. Mutane suka riƙa jefar da majinyatansu a titi. Shugaban Kirista na birnin, mai suna Sifiriyan, ya tara jama'arsa ya ce a yi jinyar kowa, har waɗanda suka tsananta musu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Basil. Ɗan masu arziki ne, mai ilmi, a birnin Kaisariya, wanda yau ake kira Kayseri a ƙasar Turkiyya. Wajen shekara ta 369 aka yi fari, yunwa ta shigo. Ka san halin yunwa, ba sai na faɗa maka ba: masu rumbu su rufe, su jira tsada. Basil ya sayar da gadonsa ya sayi hatsi, ya ɗora manyan tukwane yana ciyar da jama'a. Da aka naɗa shi shugaban Kirista na birnin a 370, sai ya yi gini a bayan gari, can inda ake korar mutane. Ya yi masaukin baƙi, da ɗakunan majinyata, da wurin koyon sana'a, ya sa masu magani da masu jinya. Ya ware wa kutare wurinsu. Ginin ya yi girma har aka ce sabon birni ne. Abokinsa Giragori ya ba da shaida cewa Basil da kansa yake shiga wurinsu, ya gaishe su gaisuwar ƴan'uwa, ya gyara musu miki. Ka lura fa, ba shi da maganin kuturta ko ƙwaya ɗaya. Babu wanda yake da shi a duk duniya. Ruwa ne da tsumma da abinci, sai kuma zama tare.

Tun kafin wannan gini ma, a 362, wani sarkin Rum mai suna Juliyan, wanda ba ya son Kirista, ya rubuta wasiƙa yana ƙorafi. Ya ce abin kunya ne a ga suna ciyar da matalautansu, su haɗa da na masu bautar gumaka.

To, mu dawo gida. A ƙasar Hausa ba a cika korar kuturu daji ba. Yana cikin gari, yana bara, yana da sarkinsa, sarkin kutare. Har karin magana muke da shi: kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Sai dai wanda ba shi da kuɗin, shi ne ya san zafin abin.

Mishan ɗin da ake kira SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri, nan kusa da mu. A Najeriya, cikin shekarun 1930, ta karɓi aikin jinyar kutare tare da hukumomin sarakuna: Amanawa a ƙasar Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano. A 1956 aka buɗe na Danja, kudu da Maraɗi, kan hanyar Katsina. Gaskiya ne mishan tana da nata nufi na wa'azi, kuma an sha jayayya a kan haka. Amma yawancin waɗanda suka kwanta a Danja Musulmi ne, kuma an wanke musu ƙafa da hannu.

Magani ya daɗe bai zo ba. Sai a 1873 wani likita ɗan ƙasar Norway, Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Nan aka gane ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma naman akuya ko kifi da nono ke kawo ta ba. Da farko allurar man wani itacen Indiya ake yi, mai zafi, amfaninta kaɗan. Cikin shekarun 1940 aka sami ƙwayoyin da suke aiki, amma sai an yi shekaru ana sha. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa magunguna a sha tare. Yanzu wata 6 ko wata 12 ake sha, cutar ta mutu. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a ko'ina. Wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Ko da ma can, cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu ba ya kamuwa.

Duk da haka, har yanzu ana samun sababbin masu cutar kowace shekara a Nijar, kuma da yawa sai yatsu sun lalace suke zuwa. Me ya sa? Tsoron ƙwarya daban. Mace ta ga tabo a baya, ta rufe da zane don kada a sake ta. Saurayi ya ɓoye nasa har a ɗaura aure. Cutar kuwa ba ta yanke yatsa da kanta. Jijiya take kashewa. Sai ƙaya ta soki manomi bai ji ba, garwashi ya ƙone mai tuwo ba ta sani ba, miki ya ci gaba har ya kai ƙashi. Magani yana kashe cutar, amma ba ya mayar da yatsan da ya tafi.

Ga yadda ake ganewa tun da wuri. Tabo ne da ya fi sauran fata haske, ko ya yi ja ja, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Mai tabon ya rufe ido, wani ya shafa masa kaɗa a wurin. In bai ji ba, a tafi gidan likita mafi kusa, a wannan mako. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa Maraɗi ko Danja. A Danja ɗin kuma, tun 2012, an buɗe wani sashe na mata masu yoyon fitsari, waɗanda su ma sau da yawa ake ware wa ɗaki a bayan gida.